Joshua ko Fury? Nazarin gardamar wata majalisa a Agege

A daren 21 ga Disambar 2024, Oleksandr Usyk ɗan Yukiren ya sake doke Tyson Fury a Riyad, alƙalai ukun duka suka rubuta maki 116 da 112. Wata uku kafin wannan, Daniel Dubois ya shimfiɗe Anthony Joshua a turmi na biyar a filin Wembley na Landan. Ke nan 'yan damben boksin biyu da Ingila ta fi taƙama da su a ajin masu nauyi sun shiga sabuwar shekara hannu rabbana, babu mai riƙe da kambun duniya ko ɗaya. Nan take tsohuwar magana ta taso: tunda kowannensu ya rasa, me ya rage in ba su kara da juna ba? Shi kansa Joshua, da ya zo Najeriya hutun ƙarshen shekara har ya kai wa Shugaba Tinubu gaisuwa a Legas, ya faɗa wa 'yan jarida cewa Fury yake hari a 2025.

An yi wannan gardama a gidajen kallo da tashoshin mota da kasuwannin Legas. Wadda na bi diddiginta ita ce ta teburin wani mai shayi a Agege, ba nisa da kwatar Oko-Oba, inda aka shafe kusan mako uku ana tafka ta kowane dare bayan isha'i. Yawancin masu zama a wurin mahauta ne da 'ya'yan mahauta, mutanen da dambe gadonsu ne. Sun san ɗaurin zare, sun san yadda jiki ke tsuma in makaɗi ya kira mutum da kirarinsa. Don haka da ma'aunin gidan dambe suke auna boksin, kuma wannan ma'auni ya haska wani ɓangare na maganar, ya rikita wani.

Mutum huɗu ne suka ja ragama. Akwai wani Alhaji mai fataucin goro, da wani saurayi mai gyaran waya wanda ya tara bidiyon wasanni a wayarsa, su biyun suna bayan Joshua. Akwai direban tirela mai ɗauko shanu daga Arewa, shi kuma ɗan gani-kashe-nin Fury ne. Na huɗun wani dattijo ne da kowa ke kira Baba, tsohon mahauci da ya yi dambe a ƙuruciyarsa, wanda ya fi kowa ƙarancin magana.

Hujjar jini

Alhaji ya yi shekaru a Sabon Shagamu kafin ya dawo Agege, kuma a wurinsa babu ma abin gardama. Asalin gidan su Joshua Shagamu ne, garin da Hausawa suka daɗe suna sayen goro suna ɗaura huhu zuwa Arewa. Gaskiya ne a Watford ta Ingila aka haife shi a 1989, kuma Birtaniya ya wakilta lokacin da ya ci zinare a gasar Olamfik ta Landan a 2012. Amma bai taɓa ɓoye asalinsa ba. Taswirar Afirka na zane a kafaɗarsa, ya yi ɗan zama a makarantar kwana ta Mayflower da ke Ikenne yana yaro, kuma a Janairun 2020 ya kwanta ƙasa irin gaisuwar Yarbawa a gaban Shugaba Buhari a Landan, ya nuna masa kambunansa.

"Yaron da ya san girman manya," in ji Alhaji, "Allah ba zai kunyata shi a gaban wancan mai surutun ba."

Wannan ƙauna ce ta gaskiya, ni ma ina da ita. Ƙasar da ta fitar da Hogan Bassey da Dick Tiger, ta kuma ga Samuel Peter ya ɗaga kambun duniya na ƙungiyar boksin ta WBC a 2008, tana da haƙƙin ta yi marmarin wani zakara nata. Sai dai babu wanda ya ɗauki maganar Alhaji a matsayin hujja, har shi kansa. In an matsa masa, sai ya waiwayi mai gyaran waya ya ce, "Kai samari, nuna musu."

Mutanen da suka kara da su biyun

A nan gardamar ta yi nauyi, domin saurayin ya zo da abin da ake iya gani da ido. Lissafinsa shi ne a duba 'yan damben da suka kara da Joshua suka kuma kara da Fury, a ga wa ya fi gamawa da su cikin sauƙi.

Ya fara da Francis Ngannou ɗan Kamaru, tsohon zakaran UFC, gasar faɗan da ake haɗa naushi da shuri da kokawa, wanda bai taɓa boksin na kuɗi ba sai ranar da ya hau fage da Fury a Riyad a Oktoban 2023. Ya kai Fury ƙasa a turmi na uku, suka cinye turmi goma, alƙalai suka rabu biyu da ɗaya kafin Fury ya tsira. A Maris na 2024 Joshua ya kai Ngannou ƙasa sau uku, ya gama da shi a turmi na biyu. Sai Otto Wallin ɗan Suwidin, wanda ya fasa wa Fury saman ido a 2019 har sai da aka yi masa ɗinki 47, suka kai turmi goma sha biyu. Joshua kuwa a Disambar 2023 ya jibge shi har mutanensa suka tsayar da wasan bayan turmi na biyar. Na ƙarshe Wladimir Klitschko: Fury da maki ya cinye shi a 2015, Joshua kuwa ya tsayar da shi a turmi na goma sha ɗaya a 2017, a gaban mutum 90,000 a Wembley.

"Uku ke nan, Yaya," ya ce wa direba. "Duk wanda naka ya sha wahala da shi, namu ya kwantar da shi."

Direba bai musa ko ɗaya ba, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya sa kowanne a lokacinsa. Klitschkon da Fury ya doke, in ji shi, sarki ne a kan gadonsa, ya shekara goma sha ɗaya ba a doke shi ba, kuma a Jamus aka yi wasan, inda yake kamar gida a wurinsa. Wanda Joshua ya doke kuwa ɗan shekara 41 ne da ya yi wata goma sha bakwai bai hau fage ba, kuma duk da haka sai da ya kai Joshua ƙasa. Ngannou kuma babu wanda ya san salon boksin ɗinsa kafin karonsa da Fury. Joshua ya samu turmi goma na bidiyo ya zauna ya karanta. Sannan ya kawo nasa misalin: Dillian Whyte ya girgiza Joshua a 2015 kafin Joshua ya gama da shi a turmi na bakwai, alhali Fury a 2022 ya kwantar da shi a turmi na shida da naushi ɗaya daga ƙasa, ba tare da ya sha wata wahala ba. Ya rufe da Deontay Wilder, Ba'amurken da ya shiga karonsa na farko da Fury yana da nasara 40, 39 daga ciki duk kisa ne.

"Ƙanena, sau uku nawa ya tsaya gaban wannan hannun. Naka sau nawa?"

Amsar ita ce ko sau ɗaya, kuma wurin ya yi tsit na ɗan lokaci.

A ganina dukansu sun faɗi gaskiya, amma hanyar da suka bi ba ta kaiwa ga hukunci. Tarihin ajin masu nauyi ya riga ya rushe irin wannan lissafi. Joe Frazier ya doke Muhammad Ali a 1971, Ken Norton ma ya doke shi a 1973. George Foreman ya gama da Frazier a turmi na biyu, ya gama da Norton a turmi na biyu. Da lissafin mai gyaran waya za a bi, da bai kamata Ali ya ko kusanci Foreman ba. Amma a Kinshasa, ranar 30 ga Oktoban 1974, Ali ne ya kwantar da Foreman a turmi na takwas. Yadda mutum ya yi da wani ba ya faɗa maka yadda zai yi da wani dabam, domin salo ne ke haɗuwa da salo. Ngannou ya tsaya cak a gaban Joshua, hannun dama ya same shi. Fury ba ya tsayawa haka.

Abin da Baba ya gani

Kwanaki ana wannan kai-komo Baba yana kurɓar shayinsa. Daren da ya sa baki, bai ce ga wanda zai ci ba. Ya dai ce wa mai gyaran waya ya buɗe wasan Joshua da Andy Ruiz na New York, na Yunin 2019, ya kai shi turmi na uku.

"Ɗana, wa ya fara faɗuwa a nan?"

"Ruiz ne, Baba."

"To saki mu gani."

Ruiz ya tashi, Joshua ya afka masa don ya ƙarasa shi, sai naushin hagu ya same shi a gefen kai. Kafin turmin ya ƙare Joshua ya faɗi sau biyu, a turmi na bakwai ya ƙara faɗuwa sau biyu, alƙalin wasa ya tsayar. Baba ya ce a kawo na Klitschko. A turmi na biyar Joshua ya kai shi ƙasa, ya zuba duk ƙarfinsa don ya gama, numfashi ya ƙare masa, a turmi na shida shi ne a ƙasa. Sai na Dubois. Joshua ya sha wuya tun turmin farko, amma a na biyar ya samu Dubois da hannun dama, ya ga ya taɓu, ya bi shi, a nan ne gajeren naushin da ya ƙare wasan ya tare shi.

"Yaron nan yana da hannu," Baba ya ce, "amma in ya hango kisa sai ya manta garkuwa. Mu a fage, wanda ya ji ciwo shi muka fi tsoro."

Wannan ita ce magana mafi nauyi da aka yi a duk zaman, kuma daga mutumin da bai taɓa sa safar boksin ba ta fito. Wasa uku, shekaru daban-daban, masu horarwa ma ba ɗaya ba, amma ramin ɗaya ne. Muhimmancinta ga karo da Fury a fili yake, tunda Fury mutum ne da ake kaiwa ƙasa. Wilder kaɗai ya kai shi ƙasa sau huɗu, Steve Cunningham ya kai shi a 2013, Ngannou ma haka. Mai yiwuwa ne ƙwarai Joshua ya kayar da shi. Tambayar ita ce me zai biyo bayan faɗuwar.

A nan ne ma'aunin gidan dambe ya rikita mutane. A dambenmu, da zarar hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare, sai kiɗa. Da wannan ido magoya bayan Joshua ke kallon Fury, suna ƙirga sau nawa aka kashe shi. Boksin kuwa ba haka yake ba. Wanda ya faɗi yana da ƙidaya goma ya tashi. Wasan kambu turmi goma sha biyu ne, kowanne minti uku da hutun minti ɗaya a tsakani, alƙalai uku suna ba wanda ya fi a kowane turmi maki goma, ɗayan tara, in ya faɗi kuma yawanci takwas. Mutum zai iya faɗuwa a turmi na uku ya tashi ya cinye sauran tara, ya tafi da kambu. A Los Anjalas, Disambar 2018, Wilder ya shimfiɗe Fury rigingine a turmi na goma sha biyu, duk mai kallo ya ɗauka an gama, sai ga shi ya miƙe kafin goma, har ya ƙarasa turmin yana kai hari. Zuwa lokacin da ake wannan gardama, cikin wasa 37 babu wanda ya taɓa tsayar da shi kafin ƙararrawar ƙarshe. Joshua ya tashi ya ci Klitschko, wannan ba a ƙwace masa ba, amma da Ruiz da Dubois, tun daga naushin farko da ya shige shi bai sake dawowa daidai ba. Rabin rigimar majalisar daga nan take: wasu suna ƙirga faɗuwa, wasu suna ƙirga tashi, kowa kuma yana ganin ɗan'uwansa ya ƙi gaskiya.

Baba ya ƙara da batun gado, abin da mahauci ba ya wasa da shi. Fury daga zuriyar matafiyan Ailan ya fito, gidan da faɗan hannu ya zama al'ada, mahaifinsa ma ɗan dambe ne, shi kuma tun yana yaro yake ciki. Joshua sai da ya kai shekara 18 ya fara. Baba ya ce ana ganin bambancin a ƙafa da kafaɗa: ɗaya yana tuna abin da aka koya masa, ɗayan jikinsa ne ke yi da kansa. Mai gyaran waya ya mayar da martani mai kyau. Ya nuna turmi na tara na karon farko da Usyk, Mayun 2024, inda Fury ya dinga tangaɗi daga igiya zuwa igiya har aka yi masa ƙidaya. Ya kuma tuna musu cewa a karo na biyu Fury ya hau sikeli da kilo 127, nauyin da bai taɓa kaiwa ba a wani wasa. Ƙafar da Baba ke yabo, in ji shi, ta 2015 ce da ta 2020. Ya ƙara da cewa mai horar da Joshua a lokacin, Ben Davison, shi ne ya dawo da Fury fage a 2018 bayan dogon hutunsa, ya san shi ciki da bai. Baba ya gyaɗa kai, ya ce wannan ma magana ce.

Damben da aka kashe a 2021

Wani dare wani yaron mahauci ya yi tambayar da ta fi duk sauran: in har haka suke, me ya hana su karawa tun tuni? A gidan dambe, mutum yakan taka har gaban wanda yake nema a gaban jama'a, in ya noƙe kowa ya gani. In babban wasa ne, a sa zare, a sa rana. Me ya sa mutum biyu 'yan ƙasa ɗaya, masu tashe a zamani ɗaya, suka kasa haɗuwa?

Nan take kowane ɓangare ya ce ɗan wancan ne matsoraci. Abin da ya faru ya fi haka ɗaci. Boksin ba shi da hukuma ɗaya mai cewa wane ya kara da wane. Ƙungiyoyi huɗu ne ke ba da kambu, WBA da WBC da IBF da WBO, kowacce da jerin 'yan wasanta da wanda take tilasta wa zakaranta ya kara da shi. Kowane ɗan dambe yana da mai shirya masa wasa, a lokacin Joshua yana hannun Eddie Hearn, Fury yana hannun Frank Warren da Bob Arum, kowane mai shiryawa kuma yana ɗaure da nasa gidan talabijin. Sannan kusan duk kwantiragi akwai sharaɗin ramuwa a ciki.

A farkon 2021 komai ya daidaita. Joshua na riƙe da WBA da IBF da WBO, Fury na riƙe da WBC, ba a taɓa doke Fury ba, Joshua sau ɗaya aka doke shi kuma ya rama a kan Ruiz a Saudiyya. Duk wanda ya ci zai haɗe kambu huɗun, ya zama zakaran da babu jayayya a kansa, abin da ajin masu nauyi bai gani ba tun zamanin Lennox Lewis. An sa hannu a yarjejeniyar wasa biyu, Fury ya sanar da ranar 14 ga Agusta a Saudiyya. Sai a watan Mayu wani alƙalin sasanci a Amurka ya yanke cewa kwantiragin Fury da Wilder na karo na uku yana nan daram, dole ya cika shi. Shi ke nan. Fury ya tafi ya yi karo na uku da Wilder a Oktoba. Joshua ya fuskanci Usyk, wanda WBO ta tilasta masa, ya rasa kambunansa uku a Satumba, ya sake shan kaye a Jidda a Agustan 2022. Bayan wannan Fury ya yi masa tayin kashi 60 da 40 don su kara ranar 3 ga Disambar 2022, Joshua ya ce ya yarda, aka yi ta ja-in-ja a kan takardu da wa'adi, maganar ta watse, Fury ya kara da Derek Chisora a ranar. Daga 2023 kuɗin Saudiyya, ta hannun Turki Alalshikh, jami'in ƙasar mai kula da harkar nishaɗi, ya sa Hearn da Warren suka zauna a tebur ɗaya, wasannin da a da ba sa yiwuwa suka fara yiwuwa. Amma ga waɗannan biyun lokaci ya ja.

Direba ne ya kawo misalin da ya zauna wa kowa. Ya ce dambe kayan gwari ne: in tumatir ya iso kasuwar Mile 12 ta Legas dillalai suka tsaya jayayyar farashi, ko an daidaita daga baya, abin da za a sauke ba shi aka ɗoro ba. A Agustan 2021 Joshua na da shekara 31, Fury 33. A Janairun 2025 ɗaya 35 ne, ɗaya 36, an doke Joshua sau huɗu, Fury sau biyu. Wannan abu yana ƙona mini rai, domin masu kallo ne aka cuta, daga masu sayen tikiti a Landan har masu biyan kuɗin shiga gidan kallo a Agege su zauna zuwa tsakar dare ana fama da janareta. Gardamar da ake yi a teburin mai shayi, in an duba da kyau, a kan mutanen 2021 ake yin ta. Kowa yana kare gwaninsa ne kamar yadda yake a ranar da ya fi kyau.

Inda abin ya so ya ɓaci

A mako na biyu zafin maganar ya kai direba ya zaro kuɗi ya ce a ajiye wurin mai shayi, saurayin kuma ya ɗora wayar da yake sana'a da ita a kan tebur. Duk ranar da aka yi wasan, wanda nasa ya ci ya kwashe. Wasu suka fara zuga. Mai shayi ya ce shi ba zai riƙe ba, kuma kafin a ja maganar, wani malami mai koyar da yara a unguwar ya sa baki.

"Bayin Allah, ku mayar da abinku aljihu. Wannan caca ce, kuma kun san Allah ya haɗa ta da giya a aya ɗaya a Suratul Ma'ida."

"Allah gafarta Malam, ai wasa ne tsakanina da ƙanena."

"In wasa ne, to a bar shi a baki."

Aka mayar. Na kawo wannan ne domin ba ƙaramin abu ba ne a Legas, inda shagunan caca suke kusan kowane layi, wayar hannu kuma ta kawo ta har cikin ɗaki. Gardamar wasanni ita ce ƙofar da samari da yawa ke bi su faɗa. Ga saurayi zai jingine jarinsa a kan wasan da ba shi da rana, ba shi da wuri, ba a ma sa hannu a kansa ba. Abin da ya cece shi shi ne majalisar tana da manya, kuma ana jin maganarsu. Bayan wannan dare gardamar ta ci gaba, har ta fi daɗi, tunda babu wanda zai yi asara in ya ce wa ɗan'uwansa ka yi gaskiya.

Nawa hukuncin

Da an haɗa su a 2025, turmi huɗu ko biyar na farko na Joshua ne. Ya fi ƙarfin naushi ɗaya, zuwa lokacin nasararsa 28 ce, 25 daga ciki kafin ƙararrawar ƙarshe, kuma Fury na wannan lokaci ba ya zillewa kamar da. In wasan ya wuce nan sai ya juya. Fury ya fi tsawo, mita 2.06 a kan 1.98, hannunsa ya fi kaiwa nesa, kuma ya iya abin da ke cinye ƙarfin mai faffaɗan ƙirji: ya tsokane ka daga nesa, in ka matso ya rungume ka ya sakar maka nauyinsa, alƙali ya raba, ya sake. Joshua ya sha nuna cewa numfashi na yi masa wuya a tsakiyar wasa. In aka haɗa wannan da abin da Baba ya gani, na fi karkata ga Fury da maki, ko da kuwa sai ya tashi daga ƙasa sau ɗaya kafin nan. Zuciyata na tare da Joshua, kuma da zan so a ce ba haka ba ne.

Akwai kuma abin da majalisar ta dinga kewayewa. Ko wa ya ci, ba zai zama gwanin zamaninsa ba. Usyk, wanda daga ƙaramin aji ya hauro, wanda Fury ya fi shi kusan kilo 25 a karonsu na biyu, ya doke Joshua sau biyu, ya doke Fury sau biyu, turmi 48 ke nan. Karon Joshua da Fury zai cika Wembley, zai kawo kuɗi mai yawa, zai kuma raba gardamar wane ne na biyu. Ga mutumin da ya sha irin dukan da Joshua ya sha a hannun Dubois, ya dace masu ƙaunarsa su tambayi kansu ko wannan matsayi ya kai a sake sa kai a gaban naushi. Da na faɗi haka, Alhaji ya ce namiji ba ya barin fage a kan kaye. Baba ya ce ya san waɗanda suka ƙi bari, ya kuma san yadda tsufansu ya kasance.

Ranar 13 ga Janairun 2025 Fury ya saki gajeren bidiyo ya ce ya yi ritaya. Alhaji ya ce gudu ne, ya ji Joshua na nemansa. Direba ya ce kada kowa ya ɗauka da zafi, ai a 2022 ma ya faɗi haka bayan wasan Whyte, kafin shekarar ta ƙare ya dawo. Babu wanda ya sauya sheƙa, amma wutar ta lafa, tunda babu sabon abin da za a ɗora a kai.

Mai gyaran waya ne ya buɗe wani babin. Ya nuna musu wani wasa daga cikin na share fage a daren Usyk da Fury, inda Moses Itauma, bahago ɗan shekara 19 a lokacin, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya gama da Demsey McKean na Ostireliya a turmin farko. Ya ce ga wanda zai gaje su duka. Baba ya sa aka maimaita masa bidiyon, ya yaba saurin hannun yaron da yadda yake dasa ƙafa, sannan ya ce ba zai ce komai a kansa ba sai ya ga an taɓa shi da naushi mai kyau, an kuma kai shi turmi na goma.